KETE KRACHI DA TSIBIRANTA: GARIN DA HANYA TA GINA, RUWA YA KEWAYE

  

Duk wanda ya taɓa ratsa kasuwar kifi ta Adabraka a ranar da kaya suka sauka, ya san waɗannan manyan kwanduna na bandar kifi, an rufe bakinsu da takarda an ɗaure da raga. In ka tambayi iyayenmu mata masu sayarwa daga ina, za su jero maka sunaye: Yeji, Dambai, Krachi. Yaranmu da yawa iyakar abin da suka sani game da Krachi ke nan, wato wani wuri mai nisa da kifi da doya ke fitowa. Amma a zauren dattawa, in aka ambaci Alhaji Umaru Karki, sai ka ga an gyara zama an yi masa addu'a. Karkin nan da malamai ke rubutawa a ƙarshen sunansa, ita ce Krachin da ake ɗauko kwandunan. Mun ga ya kamata mu haɗa wa matasanmu waɗannan biyun wuri guda, domin su san yadda garin da ya kasance mahaɗar fatake da malamai ya koma wurin da ba a isa sai an jira jirgin fito.

INDA GARIN YAKE

Kete Krachi tana cikin Yankin Oti, wanda aka yanka daga Yankin Volta a 2019 aka sa hedkwatarsa a Dambai. Ita ce mazaunin hukumar Krachi ta Yamma, wadda ke da matsayin munisifal. Garin yana zaune a bakin wani dogon harshen ƙasa da ya kutsa cikin Tafkin Volta. Ta yamma babban reshen tafkin ne, inda kogin Volta yake gudu a da. Ta gabas kuwa reshen kogin Oti ne. Ta kudu su biyun suka haɗu suka zama ruwan da ido ba ya ganin ƙarshensa. Ta arewa kaɗai ake fita da ƙafa ba a jiƙe ba, a hanyar da ta nufi Kpandai da ƙasar Gwanja.

Matafiyi daga Ankara yana da zaɓi biyu, kuma kowanne ruwa ne ƙarshensa. Ko dai ya haye gadar Adomi ya bi gabas har Dambai, ya jira jirgin fito ya ƙetare shi da motarsa, sannan ya ci gaba da tafiya. Ko ya bi ta Kumasi da Atebubu da Kwame Danso har Kojokrom, can ma ya jira jirgi. Wanda jirgin yamma ya kuɓuce masa, to kwana ya kama shi a bakin gaɓa. Bayan garin kansa, hukumar tana ɗauke da ƙauyuka masu yawa waɗanda tsibirai ne sosai, ruwa ta kowace fuska, ba a zuwa sai da kwalekwale. Abin lura shi ne, tsibiran nan ba su kai tsofaffinmu shekaru ba. Kafin 1964 kawunan tuddai ne a cikin daji, mutum na iya takawa ya hau su. Ruwa ne ya cika kwari ya bar su a tsaye.

KAFIN RUWA

Masu ƙasa su ne mutanen Krachi, daga cikin al'ummomin Guan, kuma sarkinsu shi ne Krachiwura. Tun kafin Bahaushe ya sauke kaya a wurin, garinsu ya yi suna saboda abu biyu. Na farko duwatsun da suka tare kogi a daidai nan: jiragen da ke hauro da gishirin Ada daga bakin teku dole su tsaya a sauke kaya, kuma duk inda ake sauke kaya kasuwa na tsirowa. Na biyu tsafin Dente, wanda mutane ke zuwa tambaya gare shi daga ƙasashe masu nisa, har da Tonawa, waɗanda Krachi take biyan su haraji a wancan zamani.

Babbar kasuwar yankin a lokacin ita ce Salaga. Can ayarin Kano da Katsina da Sakkwato ke sauka bayan tafiyar watanni, da jakuna ɗauke da kanwa da turkuɗi da sawaye da fatu, su koma da goron Gwanja. Kada mu ɓoye, bayi ma suna cikin hajar wannan kasuwa, kuma wannan tabo ne a tarihin da muke alfahari da shi. A 1874 Ingilishi suka ci Kumasi suka ƙone ta, ƙarfin Asante a kan ƙasashen arewa ya karye, goro ya daina kwarara Salaga kamar da. Krachi ta yi amfani da wannan dama ta ɓalle, kuma babban bokan Dente ya zama mai faɗa a ji a kan hanyoyin ciniki. Sannan a 1892 rikicin gadon sarautar Kpembe ya zama yaƙi, Kabachewura Isifa ya yi nasara, Salaga ta watse. Attajirai da malamai da dillalai suka bazu, wasu Yeji, wasu Kintampo, da yawa kuma suka gangaro Kete.

Kete ita ce zango, tana ɗan nesa kaɗan da garin masu ƙasa. Cikin 'yan shekaru ta cika da masu masauki da mahauta da marina da makarantun allo, har ta fi garin da ya sauke ta yawan jama'a da hada-hada. A nan ne tsohuwar jarrabawar kowane zango ta taso, wato yadda baƙo mai dukiya zai zauna da mai gida mai iko. An yi saɓani tsakanin 'yan kasuwar Kete da bokan Dente a kan kuɗin fito da hukunci, kuma Jamusawa, waɗanda suka kafa mulki a gaɓar Togo tun 1884 suna neman hanyar shiga arewa, suka sami ƙofa. A 1894 suka kama bokan suka kashe shi, suka kafa barikinsu a Kete Krachi. Daga ranar baƙo da mai gida duk suka koma ƙarƙashin wani baƙon na uku. Kogin Volta ya zama iyaka, gabas ta Jamus, yamma ta Ingila. A 1914 Ingilishi suka karɓe wurin, a ranar 9 ga Mayu 1956 aka yi ƙuri'ar raba gardama a Togo ta Ingila, aka haɗe ta da Gold Coast, a 1957 aka zama Ghana. Tsoho guda a Kete yana iya cewa an haife shi a zamanin Asante, ya yi aure a zamanin Jamus, ya aurar da 'ya'ya a zamanin Ingila, ya ga jikoki a zamanin Nkrumah, alhali bai taɓa sauya gida ba.

MALAMIN KETE

Cikin waɗanda watsewar Salaga ta kawo Kete akwai Alhaji Umaru ɗan Abubakar ɗan Usmanu. Asalin gidansu Kabi ne, an haife shi a Kano wajen 1858, mahaifinsa kuwa bafataken goro ne. Ya yi karatu a ƙasar Hausa, ya biyo hanyar Gwanja, ya zauna a Salaga yana koyarwa, sannan ya tare a Kete inda ya zama limami. Ya tafi aikin hajji gab da Yaƙin Duniya na Farko, ya dawo ya ci gaba da karantarwa har Allah Ya karɓi ransa a 1934. Allah Ya jiƙansa Ya haskaka makwancinsa.

Tun yana saurayi ya wallafa littafi a kan ƙa'idojin rubuta wasiƙa, mai suna Al-Sarhatul Wariƙa fi Ilmil Wasiƙa, wanda daga baya aka buga a Alƙahira. Mu da aka ɗora wa riƙon alƙalamin dattawa, muna rubuta musu takardun gayyata da na sulhu da na ta'aziyya, mun san cewa sana'ar tana da uba a ƙasar nan. Ya fassara waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi zuwa Hausa. Ya yi waƙar Larabci mai suna Tanbihul Ikhwan a kan abin da ya rusa Salaga. Ya yi waƙoƙi da Larabci da Hausa a kan zuwan Nasara, yana lissafa garuruwan da suka ci ɗaya bayan ɗaya. Ya yi waƙar talauci da wadata, ya kuma yi wata a kan annobar mura ta 1918. Ɗalibansa sun bazu cikin zangunan ƙasar nan, ta yadda in ka bi salsalar karatun malamanmu da yawa, sai ka tarar ta ratsa ta zaurensa.

Akwai wani aikinsa da ya kamata kowane Bahaushen Ghana ya sani. A Salaga ya san Bajamushen nan Gottlob Adolf Krause, wanda Hausawa suka laƙaba wa Malam Musa. A Kete kuma ya yi hulɗa da jami'in Jamus Adam Mischlich, mai ƙamus ɗin Hausa da aka buga a 1906. Alhaji Umaru ya rubuta wa Mischlich shafuka masu yawa da ajami a kan ƙasar Hausa: tarihin garuruwanta, sarautunta, noma da rini da jima da fatauci, aure da suna da biki. Daga baya masana suka yi ta aiki a kan waɗannan rubuce-rubuce. Douglas Ferguson ya fassara su zuwa Turanci a 1973 a Amurka, Stanislaw Pilaszewicz na ƙasar Poland kuma ya buga wasu daga cikinsu. Wato ɗaya daga cikin cikakkun bayanan da duniya ke da su a kan rayuwar Kano da Sakkwato a ƙarni na 19, a bakin kogin Volta aka rubuta shi, a cikin zango irin namu. In wani ya ce maka Hausar zango ragowar Hausa ce, ka ba shi wannan labari.

SHEKARAR DA RUWA YA ZO

Shekara 30 bayan rasuwar malamin, ruwa ya fara hawa. A 1961 gwamnatin Kwame Nkrumah ta kafa Hukumar Kogin Volta aka fara ginin madatsar Akosombo. Manufar ita ce a samar da lantarki mai araha ga masana'antar narka alminiyam ta Valco a Tema da kuma biranen kudu. A 1964 aka toshe kogi, a Janairun 1966 Nkrumah ya buɗe aikin, wata guda bayan haka sojoji suka kifar da shi. Tafkin da ya taru ya rufe kimanin murabba'in kilomita 8,500, kusan kashi 3.6 cikin ɗari na faɗin Ghana. Mutum wajen 80,000 daga ƙauyuka fiye da 700 aka tasa, aka gina musu sababbin matsugunai 52. Cikin duk wuraren da ruwa ya ci, Kete Krachi ce gari mafi girma.

Ruwan bai zo da gudu irin na ambaliya ba. A hankali ya riƙa tahowa, yau ya ci fadama, gobe ya ci gona, jibi ya shigo lungu. Mutane suna kallo kasuwar da ta karɓi gishirin Ada da goron Asante ta nutse, da zaurukan da aka yi karatu a cikinsu, da duwatsun kogin da suka sa aka kafa garin tun farko. Aka kwashe jama'a zuwa tudu aka gina sabon gari da tsohon suna. Gidajen da hukuma ta bayar ƙanana ne: akan gama ɗaki guda, a kafa rufin sauran, a bar wa mai gida ya ƙarasa da kansa. Wanda ya san gidan zango, da zaurensa da tsakar gidansa da ɗakunan baƙi, ya san abin da mai masauki ya rasa ranar da aka miƙa masa makullin ɗaki ɗaya.

Asarar da ta fi ta gini ita ce ta hanya. Kete ta rayu ne saboda tana kan hanya, kuma tafkin ya yanke hanyoyin mota da suka ratsa yankin. Manyan motocin arewa suka koma bin Kumasi da Kintampo zuwa Tamale. Ɗan zango kuwa, kowa ya sani, inda ayari ya bi nan yake bi. Gidaje da dama suka tashi, wasu Kumasi, wasu Tamale, wasu nan Ankara. In ka bincika a Nima da Maamobi ba za ka rasa gidan da kakarsu ke cewa ita 'yar Kete ce ba.

ZAMAN TSIBIRI

Yayin da wasu ke fita, wasu shigowa suke yi. Madatsar ta tsayar da ambaliyar shekara-shekara da ke cika fadamun ƙasar Tongu da kifi a can ƙasan Akosombo, sabon tafkin kuma ya cika da kifi a shekarunsa na farko. Sai masunta Ewe na Tongu da mutanen Ada da wasunsu suka hauro da jiragensu suka kafa bukkoki a gaɓa da kan tsibirai. Shi ya sa sunayen ƙauyukan tsibiran da yawa ke ƙarewa da "kope", wato ƙauye a harshen Ewe. A kan tudu kuma Konkomba da Nchumuru da Krachi suna noman doya da rogo. Ranar kasuwa a bakin ruwan Kete Krachi za ka ji harsuna biyar ko shida, kuma har yanzu Hausa na cikin waɗanda ake ciniki da su.

Aikin tsibiri a rabe yake. Maza na fita da duku-duku su duba raga, su dawo da karfasa da tarwaɗa da sauransu. Mata na fasa kifin su banda shi a kan murhu, su jera a kwando. Ranar kasuwa babban kwalekwale mai inji na zagaya tsibirai yana kwasar mutane da kifi da gawayi da awaki, ya dawo da gishiri da man inji da garin rogo da sabulu. Daga nan kifin ke kama hanyar da za ta kai shi Adabraka. Akwai kuma jirgin kamfanin sufurin tafkin, Yapei Queen, wanda ya yi shekaru yana tasowa daga Akosombo ya tsaya a Kete Krachi ya wuce Yeji, ya komo cike da doya.

Wahalar zaman kuwa ba ƙarama ba ce. Ba a sare dajin ba kafin a cika tafkin, don haka itatuwa na nan tsaye a ƙarƙashin ruwa. Su ne mafakar kifi, su ne kuma ke yaga raga, su fasa cikin jirgin da ya yi lodi fiye da kima, musamman in iska ta taso da yamma. An sha yin asarar rayuka ta wannan hanya. Saboda ragar da ke maƙalewa a kututture ne ake tura yara ƙanana su nutsa su kwance ta, kuma wasu daga cikin yaran nan an rabo su ne da iyayensu daga nesa, abin da dokar ƙasa ta hana kuma addini bai yarda da shi ba. Ruwan da ya daina gudu ya tara ciyawa da katantanwar da ke ɗauke da ƙwayar tsargiya, cutar ta yaɗu a ƙauyukan gaɓa fiye da yadda aka santa a da. Mace mai naƙuda a tsibiri sai an nemi mai jirgi da mai kafin a yi zancen asibiti. Malamin makaranta da aka tura can yakan ƙirga kwanakin komawarsa tun ranar da ya sauka.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne zancen wuta. Ruwan da ya mayar da tuddan nan tsibirai, shi ne ke juya injinan da ke haska Ankara da Tema, har a sayar wa Togo da Benin. Amma mazauna tsibiran sun yi shekaru kusan hamsin suna kunna aci-balbal da fitilar ƙwai. Sai a 'yan shekarun nan aka fara kafa musu ƙananan tashoshi masu aiki da hasken rana, kuma tsibirin Aglakope na Krachi ta Yamma yana cikin na farko da suka samu. Mu da ke ƙorafi in an ɗauke wuta na awa biyu, ya kamata mu tuna da wanda aka nutsar da gonarsa domin fitilarmu.

ABIN DA YA RAGE A HANNUNMU

A daidai shekarun da ake ginin Akosombo, wani aiki na tafiya a Legon ba tare da ganga ba. Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana, a zamanin Thomas Hodgkin da Ivor Wilks, ta shiga tattara rubuce-rubucen Larabci da ajami. Alhaji Usmanu Boyo ya yi ta yawo gari-gari yana aro takardu daga hannun malamai, a ɗauki hotonsu, a mayar wa masu su. Ta haka waƙoƙin Alhaji Umaru da yawa suka sami wurin ajiya. Salaga ta watse da yaƙi, tsohuwar Kete ta tafi ƙarƙashin ruwa, amma abin da aka rubuta aka kwafa aka rarraba wa ɗalibai yana nan ana karantawa.

Mu mutanen Adabraka ba sai an ba mu labarin ruwa ba. Mun san abin da Odaw ke yi in damina ta kankama, kuma ba mu manta daren 3 ga Yuni 2015 ba, lokacin da ruwa da wuta suka haɗu a Circle aka rasa rayuka fiye da 150. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. A gidaje nawa ne cikin zangunanmu ake da adakar ƙarfe a ƙarƙashin gado, cike da takardun kaka, wasiƙun fatauci, ijazar karatu, sunayen waɗanda suka zo daga Kano ko Salaga ko Kete? Ruwan dare ɗaya ya isa ya mayar da su dusa. Wanda ya san abin da ke cikinsu kuma, kullum muna raka irinsa makwanci.

Saboda haka muna roƙon iyayenmu su buɗe adakun nan, muna kuma roƙon matasa masu waya a hannu su ɗauki hoton kowane shafi, su zauna gaban tsofaffi su naɗi muryarsu, su tambaye su sunan unguwannin tsohuwar Kete da na masu masaukinta da na malamanta tun ana iya samun amsa. Ƙungiyoyinmu da ke shirya ziyara da taimakon azumi su sa Krachi da tsibiranta cikin lissafi. Rigar ruwa guda goma a jirgin makaranta sadaka ce mai gudana. Wanda kuma Allah Ya nufa ya je, ya fara da gaida masu ƙasa kafin ya nemi zango, domin su ma garinsu ne ya nutse, kuma su suka sauke kakanninmu.

Duk wanda gidansu ke da asali da Kete, ko yake riƙe da wata takarda ta wancan zamani, muna jiran bayaninsa a ƙarƙashin wannan rubutu, za mu kai wa dattawa. Inda muka yi kuskure a gyara mana. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya tsare masu tafiya a kan ruwa, Ya zaunar da ƙasarmu Ghana lafiya.